Kwalaben Inna Hure

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, ya ci ƙuli-ƙulin Inna Hure ko ya sha miya da man gyaɗarta. Tun da aka kawo ta gidan Malam Sabo take wannan sana'a. Ta soya gyaɗa, ta kai inji, ta tuƙa har mai ya fito, ta ɗura a ƙananan kwalabe ta jera a soro. Gidanmu katanga ɗaya da nasu, don haka yawancin abin nan a gabana ya faru.

Ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne namiji, sunansa Abdulmumini. Kamar sauran matan zamaninta, tana yi masa alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. Abincinsa ma a ƙofar ɗaki take ajiyewa, ta yi gyaran murya ta wuce.

Shi ne ya fara zuwa kwaleji a zuri'arsu, a birni. Da ya zo hutun farko sai ya ajiye buhu a bakin madafa ya wuce. Ta buɗe ta ga ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, kowace da murfinta. Kwalba kuwa ita ce damuwarta kullum, don masu saye ba sa mayarwa.

"Hure, karatu muka tura shi ko kamfanin kwalba?" in ji Malam Sabo.

"Kai da kake zuwa birni, me ka taɓa kawo mini in ban da labari?"

Yaron ya gaya wa babansa cewa ɗalibai ne suke zubarwa, shi yake tsintowa. Ranar Inna Hure ta yini tana fara'a. A ganinta saƙo ne daga ɗan da ba ta iya yi wa magana, yana nuna mata bai manta da sana'arta ba.

Kowane hutu buhun sai ya fi na baya nauyi. Takan jiƙa su a ruwan zafi ta kankare takardun jikinsu, da ma ba ta karanta boko. Yaron kuma ya fara ramewa. Yakan yi barci har azahar. Da damina ya daina fita gona, shi da a da ba a riga shi kai ƙarshen kunya in ana noma. Babansa ya ce wahalar karatu ce. Ita ta ga hannunsa yana rawa in ya ɗauki ludayin fura, ta bayan labule ta gani, amma ba ta tambayi kowa ba, don tambaya tana nufin ta yi zancensa. Sai ta ƙara masa man shanu a tuwo.

Wata rana Ramlat, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, ta shigo sayen mai ta tarar da ita tana jiƙa kwalabe. Ta tsamo ɗaya ta duba.

"Inna, ina kika samo waɗannan?"

"Wancan ne yake kawo mini."

"Duka?"

"Duka. In kina so ki ɗiba, ke ma ba kya mayar da tawa."

Ramlat ba ta yi dariya ba. Ta ce maganin tari ne mai kodin, kuma ba don tari yaran makaranta suke sha ba, don su bugu ne.

"Ai tsintowa yake yi," in ji Inna Hure.

"Allah Ya sa, Inna."

Sai da ta kwana tana juya maganar kafin ta iya gaya wa mijinta. Malam Sabo ya shiga motar Ɗambatta ya tafi birni. A makarantar aka ce masa an sallami yaron tun zangon da ya wuce. Ya same shi a wani ɗaki bayan makarantar tare da wasu, abin ya wuce kwalba ya koma ƙwaya. Ya dawo da shi gida.

An yi rubutu, an yi sauka. An kai shi asibiti a Kano, ya ɗan samu sauƙi, ya koma. An sake kaiwa, ya sake komawa. Yanzu a gindin rumbu yake yini, kansa a sunkuye.

Inna Hure ta kwashe kwalaben ta binne a bayan gida. Mai son mai sai ya zo da mazubinsa.

Wata safiya zan fita aiki sai na ji muryarta ta kan katanga.

"Abdulmumini."

Sunan ya fito da ƙyar. Malam Sabo ya leƙo daga turaka ya tsaya. Ta sake kira. Yaron bai ɗago ba. Ta ajiye kofin koko a gabansa, ta zauna a ƙasa kusa da shi tana kallon fuskarsa.

Kullum da safe haka take yi yanzu. Ban ji ya amsa ba.