Tambayoyin da Kubura ta Gyara

Kubura matar Magagi ce, manomin hatsi a wani ƙauye kusa da Damana. Ita kuma kwaɗon zogale take kaiwa kasuwar Baleyara. Haihuwarta bakwai, biyar na raye. Na uku da na shida ba su zo da rai ba. Ba a yi suna ba, ba a yi zaman makoki ba. Mata suka shigo suka ce Allah ya ba da rayayye, ta yi wankan jego, nono ya yi ta zuba har ya ƙafe don kansa.

Shekara huɗu bayan rashin na shidan, da kaka, wata ungozomar likita mai suna Madam Najiba ta zo daga Yamai. Tana cikin masu binciken abin da ke kashe jarirai tun a ciki. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta buɗe takardunta.

"Inna, ɗiya nawa gare ki?"

"Biyar."

Najiba ta rubuta, za ta wuce gaba, sai Kubura ta tare ta.

"Madam, in haka kike tambaya, ba ki samun abin da kinka zo nema. Ba mace da ke ƙirga wanda bai yi kuka ba. Ki ce da ni ciki nawa na ɗauka."

Najiba ta aje alƙalami, suka yi hira har la'asar. Bayan sati biyu ta aiko a tambayi Kubura ko za ta shiga cikin iyaye shida da za su duba tambayoyin kafin a kai su sauran ƙauyuka. Magagi ya yarda. Duk wata take shiga mota zuwa Filingue. Ba ta yi boko ba, sai a karanta tana saurare.

Da aka zo kan "Me ya hana ki zuwa likita da wuri?" ta ce a cire.

"Wannan tuhuma ce. Ku tambaye ta yaushe ta bar jin motsi, kuma wa ta fara gaya ma."

Ita ce ta ce kada a tambayi mace a gaban uwar mijinta. Ita ce kuma ta dage a ji daga bakin maza. Wani likita a cikin masu binciken ya ce maza ba za su yi magana ba. Wata na zagayowa ta zo da Magagi.

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya fara. Ya faɗi yadda ya nemi amalanke don kai Kubura likita ranar haihuwar na shidan, yadda ruwa ya cika ƙorama suka yi jira rabin yini, yadda ya naɗe gawar a farin ƙyalle ya rufe ta a gefen maƙabarta shi da ƙanensa. Ya ce mace ce. Kubura ta ɗago kai. A lokacin ba a nuna mata ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

A mota suna komawa ta ce, "Malam, da wa ta yi kama?"

"Da ke. Goshin nan naki."



Aikin ya ci shekara biyu. Tun farko Kubura ta gindaya sharaɗi cewa abin da aka gano sai an dawo da shi wurin waɗanda suka ba da labarinsu, don haka aka tara mutane a inuwar gawo aka karanta da Hausa da Zabarmanci. Da aka watse ta ja Najiba gefe.

"To, nawa fa? Mi ya kashe su?"

"Na farkon ba mu sani ba, Inna. Ta biyun, ƙila hawan jini ne, amma ba ni iya rantsewa."

Kubura ta gyaɗa kai, ta ce ta gode da ba a yi mata ƙarya ba. Har yanzu tana zuwa taron Filingue. Bana gardamar da take yi da su ita ce a riƙa tambayar uwa ko tana son ganin jaririnta kafin a fita da shi.