Kwamfutocin da Suka Yi Barci a Leda

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zai kwashe ranar da na yi kokawa da kwamfuta saboda ɗalibata guda ɗaya. A lokacin ina koyar da aikin sassan jiki a wata makarantar kiwon lafiya a Makarfi, kuma babu darasin da ke ba ni wahala irin na zuciya da jijiyoyin jini. Zan zana ɗakunan zuciya huɗu a allo, in ja kibiya nan in ja can, in yi ta bayani har muryata ta dushe, in juyo in tarar da idanu zuru-zuru. Zuciya motsi take yi, allo kuwa ba ya motsi.

Ɗalibar nan matar aure ce daga Furana, mai 'ya'ya uku. Sau biyu tana faɗuwa wannan kwas, kuma dokar makaranta ita ce wanda ya faɗi sau uku a sallame shi. Saura kwana tara jarrabawa ta same ni a ofis.

"Malama, wallahi na haddace komai," in ji ta. "Amma da an juya tambaya sai in ɓace. Ni ban ga abin ba ne."

Maganar ta tsaya min a rai. Wata ƙawata da ke koyarwa a Zariya ta aiko min da manhaja a filashi tare da lasisinta, wadda ke nuna zuciya tana bugawa, har mutum ya iya rage gudunta ya ga yadda jini ke shiga yana fita. Ni ba ni da kwamfuta, amma makaranta tana da su jere a wani ɗaki, kowace lulluɓe da ledar da ta zo da ita. Mabuɗin yana hannun wani dattijo mutumin Gazara da muke kira Baba. Duk Alhamis yana shiga ya kakkaɓe musu ƙura ya sake rufewa, ba a kunna su sai in baƙi masu duba makaranta za su zo, baƙin kuwa sun daɗe ba su leƙo ba.

Ni mai saurin fushi ce, na san halina, amma dattijo ba a yi masa gaggawa. Kwana uku ina zuwa ina durƙusawa, mu gaisa tun daga iyali har gonar rake, kafin in kawo buƙatata.

"'Yata, amana ce aka ba ni," ya ce. "In yara suka taɓa ta lalace, wa za a kama?"

"Ni za a kama, Baba. Guda ɗaya kawai nake roƙo."

Ranar ta huɗu da hantsi ya buɗe, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana kallona. Na cire leda, na kunna, na sa filashi. Manhajar ta fara sauka lafiya lau, sai da ta kusa ƙarewa ta tsaya, ta ce ba a iya tabbatar da lasisi ba. Na sake, haka. Na roƙi Baba na koma ta biyu, ita ma haka. Na yi ta kiran ƙawata muna gwada wannan muna gwada wancan har cajin wayata ya ƙare. Baba kuwa sai gyaran murya yake yi, wanda ya fi min magana ciwo. Ji nake kamar in fashe da kuka, amma na rantse a raina ba zan fita ɗakin nan ba sai zuciyar nan ta buga.

Da na ga rana ta take, sai na leƙa agogon kwamfutar don in san ko azahar ta yi. Ya nuna sha biyun dare. Na duba kwanan wata, sai ga wata shekara da ko aure ban yi ba a cikinta. Nan take na gane. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar maɓallin riga da ke riƙe mata lokaci, kuma zaman banza ya cinye shi. A lissafinta, ba a ma rubuta lasisin ba tukuna, yaya za ta yarda da shi? Na gyara kwanan wata, na sake sakawa. Wannan karon ta wuce, sai ga jar zuciya ta cika fuskar kwamfutar tana bugawa.

Baba ya taso ya matso. "Me ya same ta da?"

Na sassauta murya. "Baba, ba wanda ya ɓata ta. Rashin kunnawa ne."

Daga nan ya juya ya fara cire ledojin sauran da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sallah na kira ɗalibar. Na rage gudun bugun har ya koma kamar tafiyar hawainiya, na bar ta da shi. Ta zuba ido, ta mayar baya, ta sake kallo. Can ta ce, "Malama, tsaya. Ashe ƙofar nan ta cikin zuciya ba buɗe ta ake yi ba. Jinin ne in ya taru yake tura ta, in ya nemi dawowa kuma shi ke rufe ta."

Shekara biyu ina faɗin wannan a gaban allo. Kwanakin da suka rage, kowace safiya sai na gyara kwanan wata kafin ta zauna, ita da 'yan ajinsu. Ta ci jarrabawar, kuma yau tana auna hawan jinin mata masu ciki a asibitin karkara, ba nisa da garinsu.

Tun daga ranar na daina ɓoye abu mai amfani don tsoron kada ya lalace. Baba ya riƙe amanarsa da zuciya ɗaya, amma saura ƙiris wannan ajiyar ta kori baiwar Allah daga makaranta. Abin da aka yi don aiki, ajiya ce ke kashe shi.