Karara Daga Tsibirin Bungudu

A shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Zamfara, ina kwaleji a Gusau, wani tsohon soja da ke koyar da mu motsa jiki ya kafa ƙungiyar koyon zaman daji. Na shiga, ɗan kawuna da muka tashi gida ɗaya ma ya shiga. Ya girme ni, ya fi ni ƙarfi, Malam ya naɗa shi shugaba.

Ƙarshen damina, ana gab da hutu, Malam ya kai mu cikin kwalekwale biyu wani tsibiri a tsakiyar gulbi, can bayan Bungudu. Ba gida, ba gona, sai yashi da gamba da 'yan itatuwa. Ya koya mana haƙa rami a bakin ruwa har ruwa mai tsabta ya tsattsafo, da tare ƙananan kifi da riga, da ajiye garwashi cikin toka don kada wuta ta mutu. Ni abin ya karɓe ni. Ɗan kawuna kuwa guza ya gifta gabansa, ya kwasa da gudu yana salati har wandonsa ya zame. Kowa ya yi dariya, amma tawa ce ta tsaya masa a rai.

Ranar komawa ya ce da ni, "Kai, tahi can ƙarshen tsibiri ka ɗauko gatarin Malam, mun manta shi."

Na tafi. Ba gatari. Kafin in dawo kwalekwale biyun sun yi nisa. Daga baya na ji ya shaida wa Malam cewa ina cikin na gaba, ya ce wa mutanen na gaba ina cikin na baya. Ya kuma san ban iya iyo ba. A makaranta aka ɗauka na wuce gida Tsafe, a gida aka ɗauka ina makaranta.

Na yi ihu har muryata ta dushe. Da yunwa ta murɗa ni na tona tokar da muka bari, na sami garwashi da sauran rai, na hura shi kamar mai lallashin jariri. Na ci kifi ba gishiri. Hadarin ƙarshe ya sauko, ruwa ya fara cin gefen tsibirin, ina kallo yana matsowa. A wajen neman tudu na kutsa cikin karara. Wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba bai san ƙaiƙayi ba. Na yi ta birgima a laka ina kuka da hawaye. Da ya lafa, sai na zauna na ƙura wa 'ya'yanta masu gashi ido. Na tsinke su da tsinke biyu, na cika wani gwangwanin madara da muka yar, na toshe bakin da ganye.

Bayan 'yan kwanaki wani masunci ya hango hayaƙina ya fitar da ni.

Da na faɗa wa Inna, ta dubi ƙafafuna da suka kumbura ta ce, "Haba, wasan taubasai ne. Ka yi haƙuri." Ɗan kawun nawa ma ya zo yana washe baki: "Ashe kana da sauran kwana!" Na ɓoye gwangwanina a saman rumbu.

Na jira har bayan kaka, lokacin da aka sa masa ranar zuwa gaida iyayen yarinyar da yake nema a Bilbis. Ya shanya sabuwar shadda mai ruwan ƙwai a igiya ya shiga wanka. Na juya rigar ciki da wandon, na karkaɗe musu gwangwanin tas, na mai da su yadda suke.

Abokinsa da ya goya shi a babur ya ba da labarin. Tun a hanya ya fara mutsu-mutsu. A zaure, gaban dattawa, ya durƙusa yana gumi, yana cije leɓe, ana tambayarsa lafiyar gida yana amsawa da "wayyo". Daga ƙarshe ya zabura ya fita, ya tuɓe a bayan dangar mutane, yara na kallo.

Ya dawo jikinsa duk rudu-rudu, ya same ni a ƙofar gida ina ɓare gyaɗa.

"Kai ne?"

"Ni ne," na ce. "Daga tsibirin na kawo maka tsaraba."

Ya ɗaga hannu, Kawu ya fito ya riƙe shi. Da ya ji bayanin kowa, sai ya ce mu gaisa. Na miƙa hannu, shi ya ƙi.

An yi auren duk da haka, bayan Kawu ya je ya ba da haƙuri. Amma har yau a Bilbis tsofaffi ba su kiransa da sunansa, sai Mai Susa, kuma 'ya'yansa sun tashi sun ji ana faɗa.