Fitilar da Yaya ya kashe

Kafin iyayen ƙawata su koma Damagaram, Yayana ya kai mu, ni da ita, shagon intanet da ke ƙarƙashin beninmu a unguwar Hay el-Sabi'. Ajinmu ɗaya da ita, kuma ita kaɗai nake iya yi wa magana ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ya buɗe wa kowaccenmu adireshin hira, ya nuna mana ƙaramar fitilar da ke gefen suna. Idan ta kama, mutum yana nan.

“Amma taku a kashe za ta zauna,” in ji shi. “Da kun kunna, ƙarti za su yi muku caa. Khalas?”

Muka ce khalas, shi ke nan. Ni da ita muka sa Alhamis bayan la'asar lokacin hirarmu.

Ta tafi. Duk Alhamis ina sauka, mai shagon ya ce, “Yalla ya binti, maza 'yata, kwamfutar kusa da fanka.” Harafin A na madannin ya goge, akwai tabon shayi a gefen tebur. Nakan zauna ina kallon sunanta a dushe har a kira magariba. Ban taɓa rubuta komai ba. A ganina ba a sallama a ɗakin da babu kowa. Daga baya na daina sauka. Ban yi kuka ba, na dai koma cin biredina ni kaɗai lokacin tara a makaranta.

Da zafi ya shigo, wata Hajiya 'yar kasuwa daga garin su ƙawata ta zo sarin abaya, ta sauka wurin Mama. Tana shan karkade, zoɓon nan garin, ta ƙare mini kallo.

“Ke ce miskilar? Ƙawarki ta ce in gaishe ki. Wai duk Alhamis sai ta hau kabu-kabu zuwa shagon intanet, ta zauna ta gaji, ko sau ɗaya ba ki leƙo ba. Yanzu babanta ya ce ya isa haka.”

“Fitilarta a kunne take?” na tambaya.

“Wace fitila kuma? Ni wutar garinmu ma ban san ranar zuwanta ba.”

Mama ta yi dariya. Ni na kwashe kofuna.

Ranar Alhamis na sauka, na kunna fitilata. Nan take saƙonni suka cika allon, maza daga ko'ina suna tambayar shekaruna. Na riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya don kada su tare sunanta. Yana nan a dushe. Na rubuta mata sallama, na zauna. Fanka na juyawa. Aka kira magariba.