Gawar Kyamara a Wuyan Sanda

Duk wanda ya yi aure ko suna a Limawa, da wuya a ce ba Sanda mai hoto ne ya ce masa "ɗaga haɓa" ba. Kakansa jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna da fataucin goro, ubansa tela ne, shi kuwa tun yana saurayi ya ƙi keken ɗinki ya rungumi kyamara. Kyamarar ma ba ta wasa ba: baƙa, ƙatuwa, mai dogon baki da fitila a ka. In ya rataya ta ya shiga taro hanya ake ba shi, kuma Sanda mutum ne mai son a ba shi hanya.

Ita ce ta cinye masa kafaɗa, har ta kai matarsa Saudatu ke taya shi sa riga da safe. Ana haka kyamarar ta mutu. Mai gyara ya buɗe cikinta ya rufe, ya ce sai haƙuri.

Sanda ya je shagon Destiny mai sayar da kyamarori. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu kamar mai zaɓen doya, sai dai shi marar nauyi yake nema. Ya zaɓi wata 'yar ƙarama mai shiga aljihun kaftani, batirinta na kai yini, tana ɗaukar hoto fes ko a ɗaki mai duhu. Hotunanta sun fi na tsohuwar kyau nesa ba kusa ba, shi ma ya sani.

Bikin farko da ya je da ita, kawun ango ya dube ta ya ce, "Malam Sanda, da wannan za ka ɗauke mu? Ai gara mu yi da waya." Aka yi dariya. Dariyar nan ta tsaya wa Sanda a rai. Washegari ya ciro matacciyar daga akwati ya goge ta. Fitilarta tana da nata batirin daban, in an danna sai ta walƙa. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya ɗaga babbar, haske ya tashi, mutane su gamsu, sannan ya ce, "Ku tsaya, ƙari ɗaya," ya zaro ƙaramar ya ɗauki hoton gaskiya.

Saudatu ta ce, "Malam, ka sayi ƙarama don kafaɗa ta huta, yanzu biyu kake ɗauka, har da gawa."

"Ke ba ki san mutane ba," in ji shi.

A wani biki a unguwar Maitumbi ne dabarar ta ci shi. Cikin baƙi akwai Haula, tsohuwar Bafulatana mai kai wa gidan amarya nono da man shanu. Daga rugarsu ta wajen Kuta ta zo, tare da mijinta Garuba, dogon tsoho mai malafa wanda ba ya son gari. Ta ja Sanda gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam mai hoto, ka ɗauke mu ni da shi. Ba mu taɓa yi ba."

Sanda yana sauri, ya zaro ƙaramar. Ta girgiza kai.

"A'a, ban da ta yara. Da babbar."

Maganar ta yi masa daɗi, kada a ɓoye. Tsofaffin suka zauna a benci, kunya ta bar fili tsakaninsu. Garuba ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. Da hasken ya walƙa tsohon ya zabura, sai ya fashe da dariya, Haula ta rufe baki da gefen mayafi. Sanda ya sa hannu a aljihu ke nan guɗa ta tashi, amarya ta fito, wani ya finciko shi ta hannun riga. Ya waiwaya ya ce musu, "Shi ke nan, an ɗauka."

Da ya tuna da su sun riga sun tafi neman motar Kuta. Ya ce a ransa, mutanen ruga ne, wa zai biyo sawun hoto? Wannan tunanin ne ya fi komai ba shi kunya daga baya.

Watanni suka wuce. Wata hantsi Haula ta yi sallama a shagonsa, ta sauke ƙwaryar nono a gabansa, ta ce shi ta kawo wa.

"Allah ya yi masa rasuwa," ta ce. Ba ta kira sunan mijin nata ba, ba ta taɓa kira ba. "Sai da na fita takaba na zo. Hotonmu nake so."

Sanda ya yi mata gaisuwa. Ƙarya ta zo masa har kan harshe, cewa na'ura ce ta lalata hoton. Ya haɗiye ta. Ya ba ta kujera, ya buɗe kwamfuta ya shiga bin hotunan bikin. A gefen wani hoton ƙawayen amarya ya hango tsohon ya ba da baya: malafa, ƙeya, da kunne ɗaya. Ya ƙara girman wurin ya wanke mata.

Sannan ya sauko da babbar kyamarar daga ƙusa, ya ajiye tsakaninsu. Bai iya duban fuskarta ba.

"Inna, wannan ta daɗe da mutuwa. Haske kawai take yi, don mutane nake rataya ta. Ban ɗauke ku ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon takardar da ke hannunta.

"Shi ne. Na san ƙeyarsa," ta ce. Ta shafa malafar da yatsa. "Amma ranar ya yi dariya, Malam. A cikin mutane, kusa da ni. Ita na zo karɓa."

Ta naɗe hoton a bakin zani, ta yi masa sai an jima, ta fita neman keke napep. Ba ta ɗauki ƙwaryar ba.

Daga ranar ƙaramar ce kaɗai a wuyan Sanda, mai yi masa dariya ya yi. Nonon kuwa ya kai gida, Saudatu ta dama fura da shi da yamma ta miƙo masa. Ya ce ba ya jin yunwa.