Sun Ɗora Dariya a Kan Kukan da Shu'aibu Ya Ɗauka

A watan nan ne Darakta Shu'aibu ya cika shekara tara da rasuwa. Na so a ce abin da zan rubuta addu'a ce kawai da tuna alheri, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Sunana Habu. Ni na riƙe masa kyamara tun daga fim ɗinsa na farko har zuwa wanda ciwon ƙoda ya hana shi ƙarasawa. Malamin Hausa ne a sakandare kafin ya fara rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, daga nan ya shiga fim. An yi ta jan sa ya koma Kano inda harkar take, ya ƙi. A gidansa na Fadaman Mada yake rubutu, a titunan Bauchi yake ɗauka. Yakan ce garin nan cike yake da mutanen da suka koyi Hausa da girmansu, da ita suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke zuwa gaisuwar mutuwa, amma duk ranar da aka sa irinsu a fim sai an mai da su wawaye. Wannan abu ya tsana, kuma a kansa ya yi aikin rayuwarsa.

Akwai wata mata mai sayar da abinci a bakin barikin Shadawanka, ana kiranta Maman Ngozi. Matar soja ce daga kudu, a bariki ta koyi Hausa. Wajenta muke cin shinkafa idan aiki ya kai mu can. Wata rana Shu'aibu ya tambaye ta ina Ngozin take. Ta ajiye ludayi ta ce zazzaɓi ya ɗauke ta tun da daɗewa, lokacin babanta yana bakin aiki a nesa. Ita ta kira shi a waya ta gaya masa.

Shu'aibu ya daɗe yana juya labarin kafin ya rubuta fim a kan matan bariki. Da ya gama, ya koma ya nemi izininta, ya kuma roƙe ta ta fito a matsayin uwar. Ta ce, "Malam, Hausana bai da kyau." Ya ce, "Mama, da ita kika rayu a garin nan. Ita nake so."

Ranar ɗaukar fitowar da uwar take kiran mijinta a waya, ba ta bi abin da aka rubuta mata ba. Ta kara waya a kunne, ta ce, "Oga, yarinyana ya tafi. Bai jira babansa ba." Sai ta zauna a ƙasa. Ba wanda ya ce a yanke, sai da Shu'aibu ya je ya durƙusa a gabanta. Sau ɗaya aka ɗauka, ya ce ba zai sa ta maimaita ba.

'Yan kasuwar fim sun ce a sa muryar wata ta gyara maganar, wai mutane ba za su yi kuka da gurɓatacciyar Hausa ba. Ya ce ko dai ya fita yadda yake ko ya zauna a ɗaki. Ya fita yadda yake, kuma na ga dattawan cikin gari suna share ido da bakin rawani.

To, ga abin da ya kawo ni. Bayan rasuwarsa, Nafi'u, wanda ya yi masa mataimaki shekaru, ya karɓi finafinan daga hannun Hajiya Rabi, matar marigayin, ya ce zai adana su. A bana sai ga wannan fitowar tana yawo a wayoyi. An yanke abin da ya zo kafinta da abin da ya biyo baya, an ɗora sautin shewa da kukan akuya daidai inda ta ce "yarinyana". A shafin Nafi'u aka fara sa ta. Matasa suka ɗauka suna kwaikwayo. Masu keke suka riƙa tsayawa gaban rumfar Maman Ngozi suna ihu, "Yarinyana ya tafi!" Tsohuwar da ta ciyar da rabin unguwar ta rufe rumfa ta shige gida.

Na je na same shi a ofishinsa. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Kawu Habu, ai zamani ne. Yanzu ba mai zama ya kalli dogon fim. Ni fa sunan Darakta nake rayawa."

Na ce, "Kana wurin ranar da aka ɗauka. Kai ka miƙa mata ruwa."

Ya ce ai wasa ne kawai. Wasa! Mutumin da ya koya maka inda ake ajiye kyamara, ka ɗauki abin da ya fi darajawa ka yi ainihin abin da ya mutu yana yaƙa, sannan ka kira shi raya suna. Kuma ba Nafi'u kaɗai nake tuhuma ba. Da wanda ya tura, da wanda ya yi dariya ya wuce, da manyan harkar nan da suka cika maƙabarta ranar jana'iza suna cewa an yi rashi, yau kuwa ba wanda ya buɗe baki, duk da hannunsu a ciki. Da Shu'aibu yana raye, na san ba zagi zai yi ba. Zai tsaya ne ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya: idan uwarka ce take ba da labarin mutuwar ƙanwarka da Turancin da ba ta iya ba, dariya za ka yi?

Hajiya Rabi ce ta fi ni ƙoƙari. Ta je da kanta ta karɓo kayan mijinta, ta tsaya a kan Nafi'u har ya goge abin daga shafinsa. Amma wanda ya bazu ya riga ya bazu. Sai ta ce tunda guntu suka gani, a nuna musu duka. Wani malamin jami'a a Gubi ya ba mu ɗakin karatu, ɗalibai suka cika shi. Ni na je ɗauko Maman Ngozi. Da farko ta ƙi, daga baya ta ɗaura ɗankwalinta na coci ta fito.

Da fim ɗin ya kai wurin kiran wayar, wasu a baya suka fara ƙyalƙyala, don sun gane maganar. Dariyar ba ta yi nisa ba. Sun riga sun ga yarinyar tana wasa, sun ga daren jinya.

Da aka kunna fitila, ta miƙe ba tare da an ce ta yi magana ba. Ta ce, "Wannan kuka ba na fim ba ne. Malam Shu'aibu ya sani, shi ya sa ya tambaye ni kafin ya ɗauka. Ku ba wanda ya tambaye ni."

Ba zan yi ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Guntun yana nan yana yawo, Nafi'u yana nan yana sana'arsa, kuma har yau bai je ya ba ta haƙuri ba. Shu'aibu bai bar gini ba, bai bar lambar yabo ba. Abin da ya bari finafinai ne da ba a wulaƙanta kowa a cikinsu ba, muddin an kalle su daga farko zuwa ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Maman Ngozi ta sake buɗe rumfarta. Wanda ya tura wancan bidiyo, ya san hanyar Shadawanka.