Alamar da Sifili Ya Ƙi Ɗauka

Maigidana ya zo Jidda a kan kwangilar aiki, ni kuma na biyo shi bayan ya samo mini iƙama, wato takardar izinin zama. Muka kama gida a unguwar Madain Fahd saboda kusa yake da Madinar Masana'antu, inda kamfaninsu yake. Kamfanin ajiyar kayan abinci ne, ɗakunan sanyi a jere, wasu na nama, wasu na ganye da 'ya'yan itace. A farkon shekarun dubu biyu suka sayo wasu 'yan na'urori da ba su wuce tafin hannu ba, kowace da tsinken da ake rubutu da shi a fuskarta. Ana jona musu ma'aunin sanyi, ma'aikaci ya bi ɗaki-ɗaki yana aunawa. Maigidana aka ba aikin rubuta manhajar da za ta zauna a cikinsu.

Ni karatuna a sakandare ya tsaya. Allah bai ba mu haihuwa ba, gidan shiru, don haka in ya dawo da la'asar ni yake yi wa ƙorafin aikinsa, ko na gane ko ban gane ba.

"Kin ga wannan 'yar banzar?" in ji shi wata rana, yana nuna na'urar. "Tana iya lissafi da lamba mai ɗigo a cikinta, amma ba ta iya faɗa ba. Ki ce ta rubuta bakwai, ta rubuta. Ki ce ta rubuta bakwai da ɗigo biyu, sai ta zuba miki ido."

"To ka mayar musu da abarsu mana."

"Haba uwargida! Mara haƙori ai ba a hana shi nama, yanka masa ake yi ƙanana."

Haka kuwa ya yi. Sai ya raba lambar gida biyu. Abin da ke gaban ɗigo ya ajiye gefe. Abin da ke bayan ɗigo ya ninka shi sau ɗari, ya zama cikakkiyar lamba. Na'urar ta rubuta na farko, shi ya sa mata ɗigo da kansa, ta rubuta na biyu. Ya yi wani wurin gwaji inda ake shigar da lamba a ga yadda za ta fito. Yana gamawa ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, ɓata mini ita in kin isa."

Na yi ta ba ta lambobi ina tsakar dafa shinkafa. Can na ce, "Injiniya, na ba ta 3.05, ta ba ni 3.5. Ta cinye sifilin."

Ya karɓa, ya duba, ya dafe kai. Bayan ɗigo biyar ce kawai ta rage, na'urar kuwa ba ta san akwai sifili a gabanta ba. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya ce tunda ni na kama ɓarawo, ni zan ɗaure shi. Ya koya mini wata kalmar Turanci mai haruffa biyu da ke nufin "idan". Idan abin da ke bayan ɗigo bai kai goma ba, a fara rubuta sifili. Da yatsa ɗaya na buga. Ya nuna mini maɓallin da ake dannawa manhajar ta haɗu, da yadda ake tura ta cikin na'urar ta waya. Daga ranar duk gyaran da zai yi, sai ya ce in zo in buga, wai yatsata tana da albarka.

Ya rasu wata ranar Talata. Ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A Jidda aka binne shi. Iyakar abin da zan iya rubutawa game da wannan ke nan.

Kafilinsa, wanda ya tsaya mana a kan takardun zama, ya yarda in zauna har in gama takaba kafin in koma gida. Wata tsohuwa da muke kira Gwaggo ta zo ta zauna da ni. Umra ta kawo ta tun da daɗewa, ta zauna, tana soya funkaso tana kaiwa unguwar Sharafiyya tana sayarwa. Ita ta ɗebe turaren da ke kan madubi, ta lulluɓe kwamfutar da zane, ta ce kada in riƙa kallon abin da zai tayar mini da hankali.

Ana nan sai ga mai kula da ma'aikatan ɗakunan sanyin. Bahaushe ne haifaffen Jidda, abokin maigidana, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ni ina bayan labule. Bayan ya sake yi mini gaisuwa, ya yi ta kame-kame.

"Ya Hajiya, fi mushkila, akwai matsala. Ɗakin latas gaba ɗaya ya daskare, ganyen ya zama kamar gilashi. Na'urar tana cewa sanyi bai kai sifili ba, yaran aiki suna ta ƙara sanyi. Mudir, manajanmu, ya ce halas, shi ke nan, a goge aikin marigayi, a dawo da kwamfutar kamfani."

"A goge?"

"Haka ya ce. Wallah ni ban so na zo ba." Sannan ya ƙara, "Suna cewa dama bai iya ba, an dai rufa masa asiri ne."

Ban yi kuka ba. Na ce, "Kwamfutar tasu ce, ban musa ba. Amma ba za ta fita daga gidan nan ba sai na duba."

"Ke? Ya Hajiya, ke fa takaba kike yi."

"Takaba kwalli da turare ta hana ni. Ba ta hana ni lissafi ba."

Bayan ya tafi Gwaggo ta rufe ni da faɗa. "'Yar nan, mijinki ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za ki ja rigima da masu iƙamarki? Gobe su ce ki tattara, ina za ki gama takabar, a jirgi? Ki ba su tsiyarsu!"

"Gwaggo, ba ya nan balle ya kare kansa."

"To ke ce lauyarsa?"

"Ni ce."

Akwai na'ura ɗaya da ma'auninta da yake ajiyewa a gida. Na fara da wurin gwaji. Na ba ta sanyin ɗakin nama, goma sha takwas ƙasa da sifili, ta rubuta daidai, da 'yar alamar ɗebewa a gaba. Na ba ta biyar, na ba ta ɗaya da rabi, duk daidai. Kwanaki ina abu ɗaya ban ga komai ba, har na fara cewa ko ma'aikatan ne suka yi sakaci suka ɗora wa wanda ba ya magana. Zuciyata ta so hakan ƙwarai.

Sai wata safiya na ce bari in daina ba ta lamba da hannuna, in ba ta sanyin gaske. Na fasa ƙanƙara a kwano, na zuba ruwa kaɗan, na tsoma ma'aunin. Lambar ta yi ta sauka har ta kusa sifili. Na barbaɗa gishiri, don na taɓa ganin ya yi haka. Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce, "Yau kuma miyar ƙanƙara za mu sha?"

Ina kallo: 0.10, sai 0.00. Daga nan, maimakon ta ci gaba da sauka, sai ta fara hawa: 0.30, 0.60, 0.90. Kwanon kuwa sai ƙara sanyi yake, har yatsuna suna mannewa a jikinsa. Can sai ta yi tsalle ta koma -1.10.

Na zauna a ƙasa. Kuskuren nasa ne. Alamar ɗebewa a jikin lambar da ke gaban ɗigo take tafiya, sifili kuwa ba ya ɗaukar alama. Duk abin da ke tsakanin sifili da ɗaya ta ƙasa, sai ya fito kamar yana sama. Ya gwada sanyin nama mai tsanani, ya gwada sanyin firji, wannan 'yar tazarar ce bai leƙa ba, kuma a daidai nan latas yake mutuwa.

Na yaye zanen da ke kan kwamfutar. Turancin da ke cikin manhajar ya fi ƙarfina, amma yana da ɗabi'ar barin ɗan bayani da Hausa a gefen layuka don tunatar da kansa. Na yi ta gangarawa har na iso inda ya rubuta, "Nan uwargida ta kama ni." A nan ne na yi kukan. Gwaggo ta zo ta dafa ni, ta ɗauke kwanon kada ya jiƙa waya.

Na kwaikwayi layin da ya koya mini. Idan lambar tana ƙasa da sifili, a fara rubuta alamar, sannan a juya lambar ta koma ta sama, a ci gaba yadda ya tsara. Ta ƙi haɗuwa sau da yawa, saboda ina manta 'yar alamar da ake rufe layi da ita. Da ta haɗu na tura, na sake fasa ƙanƙara. Lambar ta sauka, ta wuce sifili, ta ci gaba da sauka: -0.30, -0.60. Gwaggo ta ce, "To, ita ma ta ji gishiri."

Da abokinsa ya dawo, na tura masa kwanon da na'urar ta ƙarƙashin labule, na ce ya gani da idonsa. Ya daɗe a tsugune.

"Ya salam," in ji shi. "To zan gaya wa mudir marigayi ya gyara kafin ya rasu, ba a dai tura ba ne. Haka ya fi sauƙi."

"A'a. Bai yi ƙarya da ransa ba, ba za a yi masa bayan ransa ba. Ka ce ya yi kuskure a wuri ɗaya, ga wurin, kuma gidansa ya gyara. Sauran duk daidai ne. In mudir zai goge, ya goge yana sane da abin da yake gogewa."

"Zai tambaye ni wane ne a gidan nasa."

"Ka gaya masa."

Ya ɗauki na'urar da kwamfutar ya tafi. Ban san abin da aka ce a ofishin ba, ban kuma tambaya ba. Babu wanda ya taɓa iƙamata har na gama takaba. Ana gobe zan tashi ya zo sallama, ya ajiye leda a bakin ƙofa. Latas ne, ɗanye shar.

"Daga ɗakin nan ne," in ji shi. "Da safen nan na auna da na'urarku."

Gwaggo ta yanka mana shi da tumatir da ƙuli, muka ci.